Harafi Biyu

Kakana Mati ne, Mati ɗan Gagare,
haka liman ya raɗa masa a Gantsa, aka yanka ɗan akuya.
Ranar da ya tsaya layin kurata a Zariya
akawun ba ya jin Hausa, ga yaƙi yana jira.
Ya ce, "Suna?" Aka ce, "Mati."
Alƙalami ya ƙara harafi biyu don raɗin kansa.
Da haka Matiyu ya shiga soja.

Matiyu ke karɓar albashi,
Mati ke tsallake kogi da bindiga a ka.
Matiyu aka ɗaura wa igiya biyu,
Mati harsashi ya samu a ƙasan haƙarƙari.
Shekara hamsin da ɗoriya suna cin tuwo akushi ɗaya,
ba a taɓa jin kansu ba,
sai bana da aka zo tantancewa,
na'ura ta ce mutum biyu ne, ta rufe fansho.

Na goya shi a babur har Dutse.
Leda cikin leda, a ciki littafin sallama,
gara ta ci gefensa, ta bar Matiyu lafiya lau.
Katin ɗan ƙasa ya ce Mati.
Banki ma ya ce Mati.
Yarinyar da ke gaban kwamfuta ta ce, "Baba, sa yatsa."
Ya sa. Ƙotar fartanya ta riga ta share zanen.
Ya lasa, ya goga a riga, ya sake.
Ta ce, "Yatsan ba ya aiki."
Ya ce, "Da kuwa shi ke jan kunamar bindiga."

Aka rubuta mana abin da za mu kawo:
rantsuwar kotu, wasiƙar dagaci, cigiya a jarida,
da bakin wani da suka yi damara tare.
Muka sayar da tunkiya, mai ciki ma.
A kotu ya ture takardar da aka miƙo,
wai an rubuta ya canza suna.
"Ni ban canza ba. Su suka canza,
su zo su dafa."
Sai da magatakarda ya soke layin da biro.

Saura shaida.
Cikin su tara da suka hau mota ɗaya a kasuwar Sara
Saje Nabara kaɗai ya rage, shi ma idon ya tafi.
Muka same shi a gindin ɗorawa yana tufkar igiya.
Ya shafa fuskar Kaka, bai gane ba.
Ya ce, "Kira lambarka."
Tsohon nan da sai an kama shi yake tashi
ya miƙe, ya haɗa dugadugai,
ya zubo ta da Turancin bariki, ko numfashi bai ja ba.
Saje ya saki igiya.
"Matiyu! Kai ne ka cinye mini gwangwanin kifi a bakin Kwara?"
Na ce, "Baba, Mati muka zo nema."
Ya ce, "Rubuta, yaro. Mutum ɗaya ne,
kuma har yau ina bin sa gwangwani."
Ya dangwala nasa yatsan, shi ma a goge.

Takardu sun tafi Abuja tun kafin shuka.
Yanzu gero ya yi bununi.
Duk sanda waya ta yi ƙara sai ya dube ni,
in ce kamfanin layi ne, ya ce to.

Jiya bayan isha'i ya kira ni ɗakinsa,
ya ce, "In sun gyara, ina za su kai wancan?"
Na ce, "Wa?"
Ya ce, "Matiyu mana.
Ka ce su dawo mini da tsohon littafin.
Ba shi da kowa a garin nan sai ni,
kuma shi ma ya sha wuya."